RA'AYINMU: Kujerar Mata Da Littafin Kuɗi

Duk shekara, da zarar kamfanoni da bankuna sun rufe lissafinsu, sai ka ga jaridu sun cika da sanarwar babban taron masu hannun jari. A wani shafin kuma a jera hotunan daraktoci, kowa ya sha babbar riga ko kwat, an rubuta sunansa da muƙaminsa a ƙasa. Yawancinmu ɗalibai mukan wuce wannan shafi da sauri mu nufi labarin ƙwallo ko na siyasa, don muna ganin sha'anin masu kuɗi ne, babu ruwan mai fafutukar kuɗin rajista a ciki. To, a wannan fitowa muna roƙon mai karatu ya ɗan dakata a kan shafin nan, ya dubi fuskokin da ke ciki, sa'an nan ya tambayi kansa abu biyu. Mata nawa ne a cikinsu? Kuma ta wace hanya aka zaɓo kowane ɗaya daga cikinsu, namiji ne ko mace?

Kada wani ya ce ba ruwansa. Tun da aka sabunta dokar fansho ta 2004 a shekarar 2014, duk ma'aikacin da ke ƙarƙashin tsarin ana yankar aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa kowane wata, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a danƙa wa kamfanonin kula da kuɗin fansho. Su kuwa sukan zuba wani ɓangare na kuɗin a hannun jarin kamfanoni da ajiyar bankuna. Watau dai 'yan'uwanmu da suka gama bautar ƙasa suka kama aiki, da mu da ke biye da su, abincin tsufanmu yana hannun waɗannan mutane da muke tsallake hotunansu. Albashin ma ta banki yake zuwa. Wanda kayansa ke cikin kwalekwale kuwa, dole ya san ko wane ne matuƙi.

Hukumar daraktoci, ga wanda bai sani ba, ita ce idon masu jari a cikin kamfani. Ita ke naɗa manajan darakta, ita ke yanka masa albashi, ita ke amincewa da manyan basussuka da kwangiloli, ita kuma ke tabbatar wa duniya a ƙarshen shekara cewa lissafin da aka buga gaskiya ne. In ta yi aikinta, manaja ya san akwai mai tambayarsa. In kuwa ta zama majalisar abokai da surukai da 'yan ajinmu, to, sai dai a sha shayi, a sa hannu, a karɓi alawus, kowa ya kama gabansa.

Mun ga abin da irin wannan zama yakan haifar. Ranar 14 ga Agusta 2009, Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na wancan lokaci, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, watau Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union Bank, aka kuma zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe da ajiyar jama'a. A watan Oktoba aka sauke shugabannin waɗansu uku, kuɗin ceton ya kai naira biliyan 620. Bankunan nan ba a ɓoye suke ba, kowanne yana da daraktoci, yana da masu binciken kuɗi, yana buga rahoton shekara mai ƙyalli. Amma da aka buɗe littattafai sai aka tarar da tulin bashin da ba ya dawowa: wanda aka bayar don cacar hannun jari, da wanda aka bai wa masu shigo da mai, da wanda aka bai wa na gida ba tare da jingina ta kirki ba. 'Yan kwanaki bayan haka Babban Banki ya buga sunayen manyan masu cin bashin a jaridu, jama'a suka riƙe baki. A 2010 aka kafa hukumar AMCON don ta saye ruɓaɓɓun basussukan. Ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa da suka yi rububin sayen hannun jarin bankuna tsakanin 2005 da 2007, waɗansu har da kuɗin sallamarsu daga aiki, su ne suka kwana ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Akwai wani abu a cikin wannan labari da ya kamata masu muhawarar mata da shugabanci su riƙa tunawa, ko wane ɓangare suke. Ɗaya daga cikin shugabanni biyar ɗin nan mace ce, Cecilia Ibru ta bankin Oceanic, bankin da iyalin mijinta suka kafa. A watan Oktoba 2010 ta amsa laifi a gaban kotu, aka ɗaure ta wata shida, aka kuma karɓe dukiyar da aka ƙiyasta ta kai wajen naira biliyan 190. Masu cewa mace ba ta iya riƙon dukiyar jama'a sukan yi saurin kawo sunanta, su manta cewa sauran huɗun da aka sauke tare da ita duk maza ne, ba mu kuwa ji wanda ya ce a daina naɗa maza ba. Masu cewa da zarar an ɗora mace an gama da sata, su ma labarin ya ƙaryata su. Amana hali ce, ba ta bin ɗankwali ko hula. Abin da ya kayar da bankunan nan, na macen da na mazan, shi ne ƙumbiya-ƙumbiya: shugaba ya fi ƙarfin hukumarsa, hukumar kuma babu mai leƙa abin da take yi.

Wannan ne ya sa muke ganin batun kujerun mata da batun buɗe littafi abu ɗaya ne, tushensu guda. Ɗakin da ake rufe ƙofa a raba bashi tsakanin abokai, a cikinsa ake rufe ƙofa a raba kujeru. In za a cike gurbin darakta ba a yi shela ba, ba a faɗi irin ilmi da gogewar da ake nema ba, sai shugaba ya duba cikin mutanen da yake hira da su da daddare, ko waɗanda suke haɗuwa a filin wasan folo da wajen ɗaurin aure. Mata ba sa zama a waɗannan majalisu, balle a tuna da su. Ɗan talakan da ya ƙware a aikinsa amma ba shi da uban gida, shi ma ba ya zama a can. Saboda haka 'yan'uwa maza da ke ganin wannan magana ta mata ce kaɗai, su sake tunani. Ƙofar da aka rufe wa Hajara ita aka rufe wa Tanko ɗan mai faskare.

Ba za mu ce ba a taɓuka kome ba. A 2012 kwamitin shugabannin bankuna, ƙarƙashin jagorancin Babban Banki, ya ɗauki alkawarin cewa mata za su riƙe kashi 30 cikin 100 na kujerun daraktoci da kashi 40 cikin 100 na manyan muƙaman gudanarwa. Ba a cika alkawarin a kan lokacin da aka ɗiba ba, amma ya motsa abin da ya daɗe a kwance. A 2020 aka naɗa Halima Buba shugabar bankin SunTrust. A 2021 Nneka Onyeali-Ikpe ta hau kujerar bankin Fidelity, Miriam Olusanya kuma ta GTBank. A 2024 Adaora Umeoji ta zama mace ta farko da ta shugabanci bankin Zenith. Waɗannan mata sun shafe shekaru da dama suna aikin banki, sun hau tsani mataki-mataki kafin su kai inda suka kai. Har ila yau, ƙa'idojin tafiyar da kamfanoni da aka fitar a 2018 sun nemi kowace hukumar daraktoci ta kula da bambancin jinsi a cikin membobinta, kuma ta yi bayanin yadda ta bi ƙa'idar. A 2023 Babban Banki ya hana a kafa hukumar daraktocin banki da jinsi ɗaya zalla. Dokar kamfanoni ta 2020 kuwa ta wajabta a bayyana ainihin mutanen da ke da iko da kamfani, don a rage ɓuya a bayan sunan direba ko ƙanin mata. Duk waɗannan abin yabo ne. Sai dai yawancin ci gaban a bankuna ya tsaya, inda akwai mai tsawatawa. Da ka fita daga nan ka shiga kamfanonin iyali da na gwamnatocin jihohi, sai ka ga kamar ba a taɓa yin maganar ba.

Kafin mu ce a kafa doka a tilasta, ya kamata mu dubi waɗanda suka riga mu gwadawa. Ƙasar Norwe ce ta fara. A 2003 majalisarta ta zartar da dokar da ta ce kowane jinsi ya sami aƙalla kashi 40 cikin 100 na kujerun daraktoci a kamfanonin da ke sayar wa jama'a hannun jari. Ministan ciniki da ya tayar da maganar, Ansgar Gabrielsen, namiji ne, ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. An bai wa kamfanoni wa'adi zuwa farkon 2008, da gargaɗin cewa wanda ya ƙi za a rushe shi. Kafin dokar mata ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, da wa'adi ya cika suka kai kashi 40 ɗin. Masu cewa ba za a sami ƙwararrun mata ba, sai ga shi an samu, kamfanonin kuma ba su ruguje ba.

Amma fa ba a nan labarin ya ƙare ba. Waɗansu kamfanoni sun sauya irin rajistarsu suka fita daga ƙarƙashin dokar. Waɗansu 'yan mata ƙalilan kuma suka tara kujeru a kamfanoni da yawa, har aka yi musu laƙabi da masu siket ɗin zinariya. Mafi muhimmanci, yawan mata a ɗakin daraktoci bai sa sun yawaita a kujerar manajan darakta ba, nan dai maza suka ci gaba da rinjaye nesa ba kusa ba. To, in haka ta faru a ƙasar da ake yabo wajen bin doka, yaya ke nan a wurinmu? Kowa ya san abin da za a yi. Ranar da aka ce dole a sa mace, Alhaji zai rubuta sunan uwargida ko na 'yarsa da ke aure a wani gari, a kai mata takarda har ɗaki ta sa hannu, a cika ƙa'ida. An sami mace a takarda, kujerar kuwa tana nan a aljihun mai gida.

Da alama Turawan sun lura da wannan. Dokar da Tarayyar Turai ta zartar a 2022 ta sa wa manyan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari wa'adin ƙarshen Yuni 2026 su kai kashi 40 cikin 100 a kujerun daraktocin da ba sa gudanarwa, ko kashi 33 a dukkan kujeru. Abin da ya fi jan hankalinmu a cikinta shi ne sharaɗin da ta gindaya wa kamfanin da bai kai ba: dole ya tsara ma'aunin zaɓe a fili tun kafin a fara, kuma wanda ya nemi kujera bai samu ba yana da ikon a gaya masa ma'aunin da aka bi da yadda aka gwada shi da sauran. A Birtaniya kuma, tun 2017 duk ma'aikatar da ke da mutum 250 ko fiye sai ta buga tazarar da ke tsakanin albashin maza da na mata kowace shekara, kowa ya gani. Dokar ba ta ce a ƙara wa kowa ko kwabo ba. Ta dai san mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Mu dawo gida Arewa, inda tazarar ta fi faɗi. Hujjar da aka fi kawowa ita ce wai babu matan da suka cancanta. Mai faɗin haka ya zo ya leƙa azuzuwan koyon aikin akanta da shari'a da tattalin arziki a jami'o'inmu, ya ga ko su wane ne ke zaune a layin gaba. Gaskiya ne an bar 'ya'ya mata a baya wajen karatun boko shekaru da yawa, kuma har yanzu da sauran aiki babba a ƙauyuka. Amma waɗanda suka yi karatun fa, ina suke maƙalewa? Ana ɗaukarsu aiki tare da maza, sai a tsakiyar tsani su ɓace. Wata an ba ta canjin wurin aiki zuwa gari mai nisa tana da jariri, wata an tsallake ta a ƙarin girma don ta tafi hutun haihuwa, wata kuma an ajiye ta a sashen tarbar baƙi shekara goma ba a taɓa ba ta sashen bashi ko na baitulmali ba, inda daga nan ake fitar da shugabanni. In kamfani bai buga adadin mata a kowane mataki ba, ba wanda zai san a wane mataki tsanin ya karye.

Batun riƙon kuɗi kuwa, wa zai koya wa matan Hausa? Kowace unguwa tana da uwar adashi, wadda ke karɓar zubin mata ashirin ko talatin, ta san wadda ta zuba da wadda ta yi fashi da wadda kwasa ta zo kanta. Abin da ke riƙe da adashi shi ne kowace mai zubi ta san lissafin, kuma tana da bakin tambaya. Ranar da uwar adashi ta fara cewa a bari sai an jima, ranar adashin ya fara mutuwa. Iyayenmu mata da ba su taɓa shiga aji ba sun gane wannan ƙa'ida, ita ce kuma manyan bankuna masu benaye suka taka a 2009.

Akwai kuma wani ciwo da ke cin gidaje da yawa a garuruwanmu na kasuwanci, ba a cika faɗarsa a fili ba. Attajiri ya rasu ya bar kamfani, an raba gado, matansa da 'ya'yansa mata sun sami rabonsu na hannun jari. Daga nan sai babban wa ya riƙe kome. Ba a kiran taro, ba a nuna lissafi, in salla ta zo a aika wa kowace da buhun shinkafa da turmin atamfa a ce ga nata. In ta tambayi riba a ce ba ta da kunya, tana tuhumar yayanta. Bayan 'yan shekaru a wayi gari kamfanin ya mutu, zumunci ya bi shi, a ƙare a kotu. Waɗannan mata ba alfarma suke nema ba, masu dukiya ne, kuma doka ta ba mai hannun jari ikon a kira shi taro, a ba shi lissafin shekara, ya kuma jefa ƙuri'a wajen zaɓen daraktoci. Da ana zaunar da ɗaya daga cikinsu a hukumar, ana karanta lissafi a gaban kowa, da kamfanonin iyali da yawa sun kai ga jikoki.

Saboda haka ga abin da wannan mujalla take kira a yi. Na farko, duk kamfanin da ke riƙe da kuɗin jama'a, ko banki ne, ko na inshora, ko na fansho, ko wanda gwamnatin jiha ke da jari a ciki, ya riƙa shelar gurbin darakta tare da sharuɗɗansa, sa'an nan ya bayyana a rahoton shekara yadda aka yi zaɓen. Na biyu, a rubuta dangantakar kowane darakta da shugaban kamfani da manyan masu jari, ta jini ce ko ta aure ko ta kasuwanci, don a bambanta wadda ta zo da ilminta da wadda aka ara sunanta. Na uku, a buga adadin maza da mata a kowane mataki na aiki, daga sabon ɗauka har zuwa manajan darakta, da matsakaicin albashin kowane ɓangare. Na huɗu, duk bashi ko kwangilar da aka bai wa darakta ko iyalinsa ko kamfaninsa a baje ta a faifai, da adadinta da jinginarta, cikin harshen da mai ƙaramin jari zai fahimta, ba a cusa ta a ƙarshen rahoto da ƙananan haruffa ba. Na biyar, a ƙayyade yawan kujerun da mutum ɗaya zai riƙe, mace ko namiji. In an yi waɗannan, to, a sa adadin kujerun mata a doka, muna goyon baya. In ba a yi su ba, adadin zai zama ado kawai.

Gwamnatocin jihohin Arewa su ya kamata su fara, tun da suna da kamfanonin zuba jari da na gidaje da na sufuri waɗanda da kuɗin talakawa aka kafa su. Kujerun hukumominsu ba ladan yaƙin neman zaɓe ba ne. Gwamnan da ya buga sunayen daraktocin waɗannan kamfanoni da takardun shaidarsu da lissafin shekara, ya kuma sa ƙwararrun mata a ciki, ba ya bukatar jiran wata doka daga Abuja.

Daga ƙarshe, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu ɗalibai da ke wannan kira, mu dubi ƙungiyoyinmu, tun daga na sashe har zuwa na jiha da na gari. Sau nawa ake karanta lissafin kuɗin da aka tara a gaban membobi? Sau nawa 'yar'uwa take tsayawa takarar shugaba ko ma'aji ba a ce ta haƙura da kujerar mataimakiya ko ta walwala ba? Wanda ya saba cin kuɗin ƙungiya a ɗakin kwanan ɗalibai ba zai tuba ranar da ya zama darakta ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Nan da 'yan shekaru waɗansunmu ne za su zama akantoci da masu binciken kuɗi da sakatarorin kamfanoni da jami'an hukumar rajistar kamfanoni. Takardar da za a so a ɓoye, ta teburinmu za ta bi. Sunan da za a so a tsallake, mu za a ba mu jerin mu buga.

Ga 'yan'uwanmu mata kuma, shawararmu ita ce ku nemi sassan da ake koyon ainihin aikin, ku yi jarrabawar ƙwararru, ku koyi karanta lissafin kamfani kamar yadda kuke karanta darasi. Wadda ta gaji hannun jari ko ta saya, ko na naira dubu ne, ta je taron shekara ta ɗaga hannu ta yi tambaya. Wadda kuma Allah Ya kai ta kujerar, ta tuna ba don a ɗauki hoto aka kai ta ba. In aka miƙo mata takarda ta karanta kafin ta sa hannu, in ba ta gamsu ba ta ce a rubuta cewa ba ta yarda ba. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Muna maraba da wasiƙun masu karatu a kan wannan batu, na masu goyon baya da na masu suka, za mu kuwa buga su a fitowa ta gaba gwargwadon fili. Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, maza da mata, Ya kuma ba mu ƙarfin halin tambayarsu. Amin.